“Tana Jakin”: Mako Shida Da Motar Gidanmu

Da aka ce filin wannan makon nawa ne, na san wasu sun zaci maganar adabi zan kawo. To ku yi haƙuri, daga gareji nake, da baƙin mai a hannuna.

A yawancin labaran da muke rubutawa mota iri ɗaya ce: dalleliya, baƙa wuluk, mai duhun gilashi, ƙamshi ya riga mai ita fitowa. Ba ta tari, ba ta zafi, ba a tura ta. Amma motar da mafi yawanmu muka sani da gaske ba ita ba ce. Wadda muka sani tsohuwa ce, ta ci ƙasa har ta gode Allah, kuma a bayanta akwai gida guda da yake jiran ta dawo da yamma kafin a san ko za a ɗora tukunya da miya mai nama ko kuwa a yi ta da kuka zalla.

Tamu Peugeot 406 ce, doguwar nan mai bayan kaya, injin lita 2. Mu mutanen Arewa muna da tsohuwar amana da Fijo, tun da aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kakuri cikin Kaduna a 1975, aka cika ƙasar nan da 504. Ita 406 Faransa ta fara ƙera ta a 1995, ta daina a 2004, sai dai an ci gaba da haɗa ta a Kaduna na wasu 'yan shekaru. Kun ga ke nan duk wadda kuka gani a titi yau ta manyanta. Agogon tamu yana nuna ta haura kilomita 340,000, kuma ko shi wannan ba mu rantse a kansa ba, domin hannu uku ta bi kafin ta iso namu, agogon mota kuwa ba ya ƙin a mayar da shi baya.

Da kason gadon mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, aka saye ta. Yayana ne yake jan ta, yana lodin Zariya zuwa Funtuwa. Ni kuma aikina littafin lissafi: kullum bayan isha'i zai zauna a zauren gidanmu da ke Ƙofar Galadima ya faɗa mini sawu nawa ya yi, man nawa ya sha, nawa aka ba 'yan kamasho, me ya rage. Ina rubutawa, Inna tana jin mu daga tsakar gida. Abin da ya rage ɗin nan shi ne cefane, shi ne kuɗin makarantar ƙannena biyu, shi ne maganin hawan jinin Inna.

Cikin hunturu ta fara. Yaya ya ce idan ya taka totur zai wuce babbar mota, sai ta yi kamar ta tsaya tunani. Ba mutuwa take yi ba, tsaiko ne na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ta ɗauka. Wanda bai san hanyar Funtuwa ba zai ce daƙiƙa uku me ce ce. Hanya ce ta tireloli da tankoki, daga Samaru ka bi ta Shika ka wuce Giwa, kuma a wurare da dama mai zuwa da mai dawowa kwalta ɗaya suke rabawa. Idan ka fita hannun da ba naka ba, ka jera da tirela mai tsawon gida biyu, ga wata ta taso daga gaba tana kunna maka fitila, daƙiƙa ukun nan su ne tsakanin ka koma gida da ƙafarka da a kawo ka. Ranar da ta yi masa haka bayan Giwa da mutum shida a ciki, sai da ya sauka gefen titi cikin ƙura, wata dattijuwa a baya tana ta salati har Funtuwa. Ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Washegari ya kai ta gareji, ya faɗi kalmar da kowane direba yake faɗa: “Tana jakin.”

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin kalmar nan ita ta cinye mana kuɗin aikin kusan kwana goma. “Jakin” aro ce daga Turanci, kuma tun da ta shigo gareji ta zama babbar riga, kowace cuta tana shiga cikinta. Motar da take fizga kamar mai shaƙuwa, tana jakin. Wadda jikinta yake mutuwa idan an taka ta, tana jakin. Wadda injinta yake ihu amma tafiyar ba ta ƙaruwa, ita ma tana jakin. Alhali waɗannan cututtuka ne daban-daban, kowace da inda take zaune. Kamar ka je gaban likita ne ka ce “ba ni da lafiya” ka ja bakinka ka yi shiru. Likitan kirki zai yi ta tambayarka. Na gaggawa kuwa sai ya rubuta maka maganin zazzaɓi, tun da shi ya fi yawa a gari.

Bakaniken farko na gaggawa ne. Ya ce fulogi. Kuma in za a faɗi gaskiya hasashensa ba na wauta ba ne. Injin fetur abu uku yake nema a lokaci guda: iska, mai, da wuta. Iska da mai suna da ma'auni, kimanin kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur idan ana tafiya daidai, in kuma aka taka sosai sai a ɗan ƙara mai. Fistin ya matse cakuɗar, fulogi ya ƙyasta, ta kama. Idan ka danna totur, iska mai yawa ce take shiga, matsin cikin silinda ya ƙaru, kuma da matsi ya ƙaru wutar tana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ta iya tsallake bakin fulogi. Shi ya sa fulogin da ya cinye zai iya yin lafiya lau a silo, amma ya ba ka kunya a kan hanya. Aka sa sababbi huɗu. Yaron gareji ya zagaya da ita layi biyu ya dawo ya ce ta yi garau.

Ta kuwa ɗan yi sauƙi, kwana biyu. Wannan shi ne tarkon tsohuwar mota, kuma ban ga ana yawan faɗinsa ba. A motar da ta yi kilomita dubu ɗari uku babu abin da yake sabo. Fulogi ya ɗan gaji, kwayil ya ɗan gaji, nozul ya ɗan toshe, robobi sun ɗan bushe. Duk abin da ka cire ka sa sabo sai ka ji ɗan canji, sai ka ɗauka ka kama ɓarawon, alhali maƙwabcinsa ka kama. Kwana biyu ko uku cutar ta dawo, ka koma, a ce to ai ɗayan ne. Haka za a yi ta canki-canka da aljihunka har a zagaye injin kaf.

Haka aka yi mana. Bayan fulogi aka ce kwayil. Na 406 irin tamu dogo ne guda ɗaya da yake hawa kan fulogai huɗun gaba ɗaya, ba a sayen ɓari. Aka sayo na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wata motar da ta riga tamu mutuwa. Bayan kwayil aka ce nozul, aka ciro su aka wanke. Aka buga iya kilina a jikin taya, ƙura ta tashi kamar an zazzage buhun gari. Wannan kam ko ba cuta ya cancanci canji, domin ƙurar hunturun Zariya ba ta raga wa kowa. A mako na huɗu wani rewaya ya jona mata na'ura ya ce biren bos ne, kwamfutar motar ke nan, ya faɗi kuɗin da ya sa Yaya ya cire hula ya share gumi cikin sanyi.

Bari in yi wa na'urar nan adalci, domin ba ita ta yi ƙarya ba. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa iri ɗaya da ake jona na'urar bincike, Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Kwamfutar mota tana ajiye lamba idan ta ga abin da bai yi mata ba. P0300 na nufin wuta tana tsallake a silinda ba ɗaya ba. P0301 na nufin a silinda ta farko ce. Wadda ta fito a tamu, na rubuta ta a bayan littafin lissafi, P0171, ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cakuɗar. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce kwamfuta ta lalace ba. Iska tana rinjayar mai idan wata roba ta tsage tana shigar da iskar da ba a ƙirga ba, ko na'urar auna iska ta yi datti, ko nozul ya toshe, ko kuma man ne ba ya isowa da ƙarfinsa. Na'ura tana nuna maka unguwar da ɓarawo ya shiga, ba ta nuna gida. Mai riƙe da ita ne ya tsallake duk ƙananan gidajen ya nufi wanda ya fi tsada.

Wani abokin aikin Yaya a tasha ne ya ce kafin a kashe wannan kuɗi a gwada wani dattijo a Tudun Wada. Na bi shi ranar, saboda Inna ta ce in je in ji da kunnena. Garejin ba shi da allo, inuwar dalbejiya ce da benci da akwatin ƙarfe. Mutumin ya kusa saba'in, ya koyi aiki a Kaduna zamanin 504, lokacin da kafireta ce sarauniya. Yaya ya gaishe shi ya ce, “Baba, tana jakin.”

Bai tashi daga bencin ba. Ya ce, “Samari, zauna tukuna. Da safe take yi ko sai ta yi zafi?”

Yaya ya ce sai ta yi zafi, galibi a sawu na biyu.

“In ka taka, fizgar ka take yi, ko jikinta ne yake mutuwa?”

Yaya ya yi shiru yana tunani. Ya ce ba fizga ba ce. Kamar wani ne ya riƙe mata riga ta baya.

“In ka ƙara dannawa fa?”

“Sai ta ƙara nutsewa, Baba. In na ɗan ɗaga ƙafa sai ta farfaɗo.”

“Allurar injin tana hawa tafiyar ta ƙi, ko ita ma allurar tsayawa take?”

“Tsayawa take.”

“To ba kulocinka ba ne. A cikin gari tana yi?”

“Ko sau ɗaya.”

Dattijon ya yi dariya ya ce ai ba za ta yi ba. Kuma gaskiyarsa. Duk wanda ya san cikin birni ya san daga Ƙofar Galadima ka ratsa lunguna ka fito Babban Dodo ka nufi Ƙofar Doka, tsakanin 'yan acaɓa da Keke Napep da masu baro da yara 'yan makarantar allo, da wuya ka wuce giya ta biyu. Injin da yake tafiyar hawainiya ɗan mai kaɗan yake nema. Duk gwajin da aka yi mata a baya a irin wannan tafiyar aka yi shi, shi ya sa kullum yaron gareji yake dawowa ya ce ta yi garau. Ba ƙarya yake ba, wurin da cutar take fitowa ne bai kai ta ba.

Ina zaune ina jin su, abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk wannan binciken da Hausa tsantsa aka yi shi. Dattijon yana da kalma ga kowace cuta. Ya ce wadda wutarta take tsallake “shaƙuwa” take yi, tut-tut, sitiyari yana karkarwa, salansa tana warin ɗanyen fetur. Wadda na'urar totur ɗinta ta cinye “tuntuɓe” take yi, kullum a wuri ɗaya, da ka wuce wurin ta miƙe. Wadda salansarta ta toshe “mura” take yi, tana nishi, gudunta yana da iyakar da ba ya wucewa ko ka tsaya a kan totur da ƙafa biyu. Wadda kulocinta ya ƙare “ihu ba tafiya”. Wadda kuma mai ba ya isar ta “yunwa” take ji, jikinta ya yi la'asar a daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Na ce a raina ga kalmomi biyar ras a bakin mutumin da bai taɓa kiran kansa marubuci ba, mu kuma muna nan muna kukan wai Hausa ba ta da kalmomin fasaha.

Sai ya yi tambayar da ba wanda ya yi a mako huɗu: “Man nawa kake zubawa?”

Yaya ya ce gwargwadon hali. Dattijon ya ce ba wannan ya tambaya ba, allurar mai a ina take zama. Yaya ya ce a ƙasa, kusa da ja. Littafin yana jakata, sai na buɗe. Yaya yana da ɗabi'ar ƙorafi idan yana ba da lissafi, ni kuma ina da ɗabi'ar rubuta ƙorafin a gefen shafi. Muka bi kwanakin. Ranakun da na rubuta “ta yi yau” kusan duka ranakun da ya sha mai kaɗan-kaɗan ne, lita goma nan, lita takwas can. Akwai wata Juma'a da aka ɗauke shi shatar kai amarya Kano, masu biki suka cika masa tanki. Tafiyar kusan kilomita 150 zuwa, haka dawowa, kuma gefen shafin ranar fari ne tas. Dattijon ya karɓi littafin ya juya shi, ko da yake boko bai dame shi ba, ya miƙo mini ya ce, “Malam, riƙe abinka da kyau.”

Duk da haka bai ce a sayo komai ba. Ya ce zato ba ya zama hukunci sai da shaida. Ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ya ciro fulogi ɗaya daga sababbin ya nuna mana bakinsa, fari fat kamar an shafa alli. Ya ce na lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake, na mai yawan mai baƙi ne da gawayi, fari kuwa alamar yunwa ce. Ya tayar da injin, ya bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa yana kasa kunne ko zai ji tsotso. Bai ji ba. Ya sa tafin hannu a bakin salansa ya ce a taka, iska ta bugo da ƙarfinta. Ya leƙa ƙasa ya ce ai ma babu abin da zai toshe, an daɗe da fasa tukunyar an kwashe abin da 'yan gareji suke kira indomi. Wannan saƙar zumar da take tace hayaƙi tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake farautarta, kuma motoci da yawa a ƙasar nan suna yawo babu ita masu su ba su sani ba. Mu ma sai ranar muka sani.

Sannan ya buɗe akwatin ƙarfen ya ciro agogon awon ƙarfin mai, mai doguwar roba. Ya jona shi a bututun da yake kai wa nozul mai. A silo allura ta tsaya a kan bar 3 da 'yan kai, inda ya ce irin wannan injin yake so. Yaya ya ce, “To ai lafiya lau ke nan.” Dattijon ya ce a zaune kowa jarumi ne. Ya zaro robar ta gefen bonet, ya maƙale agogon a ƙarƙashin waifa yadda za a gan shi ta gilashi, ya shiga gaba, ya ce ni da yaransa biyu mu shiga baya don ta ji nauyi.

Muka hau gadar Kwangila, muka miƙe hanyar Samaru. Har muka wuce ƙofar jami'a ba abin da ya faru, ni har na fara jin kunya a madadin Yaya, kun san yadda ciwo yake ɓuya idan an je gaban likita. Sai da muka doshi Shika, injin ya gasu, titi ya buɗe, dattijon ya ce, “Sa ta huɗu ka taka ta kamar za ka wuce tirela.” Yaya ya taka. Da idona na ga allurar nan ta sulale daga 3 ta gangara ƙasa da 2, a daidai lokacin kuma motar ta yi wannan nutsewar, kamar an ja ta baya. Ya ɗaga ƙafa, allura ta hau. Ya sake takawa, ta sake faɗuwa. Sau uku. Ba wanda ya yi magana sai ɗaya daga cikin yaran da ya ce, “Ga shi nan.”

Bayanin da ya yi mana a hanyar dawowa shi ne wannan. Famfon mai na irin waɗannan motoci na lantarki ne, a cikin tanki yake zaune, cikin fetur tsundum. Fetur ɗin da yake turawa shi ne yake sanyaya shi, shi ne kuma man shafawarsa. A gindinsa akwai 'yar rariya da take tare datti. Kwamfutar motar ba ta auna ƙarfin man, ɗauka take yi yana nan yadda aka tsara, sai ta buɗe nozul na ɗan lokacin da ta lissafa. In ƙarfin ya faɗi, lokacin buɗewar daidai ne amma abin da ya fita bai kai ba. A silo gajiyayyen famfo yana iya biyan buƙata. Da ka buɗe totur iska ta kwararo, ana neman mai ninki-ba-ninki, shi kuma ba shi da shi. In tanki ya yi ƙasa abin ya haɗu masa goma da ashirin: ɗan man da ya rage ya yi ɗumi, famfon ya yi zafi, dattin da ya kwanta a gindi yana ta taruwa a rariya, in kuma aka fizgi mota man ya gudu baya.

Da aka ɗaga kujerar baya aka ciro shi, rariyar ta koma kalar kunun kanwa, da wani jan laka a jikinta. Filtar mai ta ƙarƙashin mota kuwa da ya hura ta da baki sai da kumatunsa suka kumbura. Ba wanda ya tuna ranar da aka canza ta, har littafina bai san da ita ba, ke nan tun kafin motar ta zo hannunmu take.

Daga ina dattin? Dattijon bai ɗora wa kowa ba, ni ma ba zan ɗora ba. Tanki mai shekara ashirin yana da nasa. Amma kowa ya san man da muke sha ba kullum yake da tsarki ba. A watan Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, aka janye shi, layin mai ya dawo gidajen mai na makonni. A irin wannan lokacin direban haya ba shi da zaɓi sai galan ɗin 'yan bumburutu, da mazurari da tsumma a bakinsa. Sai kuma 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi. Litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tun daga lokacin cika tanki ya zama aikin masu biki. Direba yana lodi ne ya karɓi kuɗin fasinja, ya tsaya gidan mai da su a ciki ya sha na sawu ɗaya. Ku leƙa allurar mai a duk motar hayar da kuka shiga, za ku ga inda take kwana. Dattijon ya ce shekarun nan ya canza famfon mai fiye da yadda ya saba, kuma ba ya ganin famfunan ne suka lalace da kansu.

Aka sa wani famfon da sabuwar rariya da filta. Kuɗinsu duka bai kai rabin abin da aka nema na biren bos ba. Muka koma hanyar Shika da agogon a gilashi, Yaya ya taka har ƙasa, allura ta tsaya cak kamar an kafe ta da ƙusa.

Rigimar da ta biyo baya a gida ta fi ta garejin zafi. Dattijon ya ce kada allurar mai ta ƙara sauka ƙasa da kwata. Yaya ya ce faɗa da baki ne, tankin 406 lita 70 yake ci, kwatansa kawai kuɗin cefanen kwana nawa ne da za a bari kwance a cikin ƙarfe. Ni na ce ai man ba ƙaruwa zai yi ba, abin da take sha a sawu shi za ta ci gaba da sha, sau ɗaya ne kawai za a zuba na ƙasan a bar shi ya zama jari. Ya ce sau ɗayan nan shi ne babu. Kowa da gaskiyarsa, muka yi ta ja har Inna ta ɗaga labule. Ta ce ɗaukar adashinta saura mako biyu, ta yi niyyar gyaran rufin ɗakinta kafin damina, amma rufi ya jira. Ta ce da Yaya, “Ni dai kada a sake kawo mini labarin tirela.” Ni kuma aka ƙara mini layi ɗaya a littafi: kullum da dare sai ya faɗa mini inda allura ta kwana, in rubuta.

Kafin mu bar garejin ranar, dattijon ya auna matsin silinda huɗun, tun da fulogai suna waje. Uku sun zo kusa da juna, ta ukun ta gaza 'yan'uwanta. Ya ɗiga mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ya sake aunawa, matsin ya hau, ya ce ringi ne ya fara cinyewa, da bawul ne da man bai canza komai ba. Ya ce ba na yau ba ne, za ta kai bayan damina in ana duba baƙin mai kowace safiya, amma ranar da muka ga shuɗin hayaƙi a salansa mu fara tara kuɗin sauke inji. Na buɗe sabon shafi a bayan littafin na rubuta “ringi” a sama. Zuwa daren jiya abin da ke ƙarƙashinsa naira dubu goma sha ɗaya ne, kuma hayaƙin bai fito ba tukuna.